IDAN MACE ZA TA HAYE RUWA ITA KAƊAI

A zamanin iyayenmu, in mace za ta bar ƙasar Zuru zuwa wani gari mai nisa, sai an nema mata ɗan rakiya, ko mijinta, ko wanta, ko ayarin mata 'yan'uwanta. Yau zamani ya sake. Akwai matar soja wadda maigidanta ya ke bakin daga shekara da shekaru, ita ce ke ci da gida. Akwai gwauruwa wadda 'yan bindiga suka raba ta da miji da gona, ta koma sarin kifi domin 'ya'yanta su ci, su yi makaranta. Akwai 'yan matanmu da suka gama karatun jinya ko na koyarwa, gwamnati ta tura su inda ta ga dama. Akwai kuma masu yi wa ƙasa hidima. Da yawa cikin waɗannan, hanyarsu tana kai su bakin Kogin Kwara, wajen Yawuri da Ngaski, daga nan su shiga jirgi su haye zuwa gungu.

Mu kuwa mutanen tudu ne. Mun san dutse, mun san gona, amma ruwan da ya wuce rafi baƙo ne a gare mu. Yarinyar da ta tashi a Dabai ko Senchi ko Ribah, da wuya a ce ta iya iyo. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu tattauna yadda mace za ta yi irin wannan tafiya ita kaɗai, ta je lafiya ta komo lafiya. Maganar ta mata ce, amma muna roƙon maza da dattawan ekklisiya su karanta, gama akwai rabonsu a ciki.

INA NE GUNGUN NAN?

Gungu shi ne ƙasar da kogi ya kewaye ta ko'ina, watau tsibiri. Tun daga Yawuri har Bussa, Kogin Kwara yana da irin waɗannan da yawa. Mutanen da suka zauna cikinsu tun kaka da kakanni su ne Reshe, waɗanda Hausawa ke kira Gungawa. Sun shahara da noman albasa da su. Ban da su akwai Sarkawa masunta, da Kambari da sauran kabilu a gaɓa.

A shekarar 1968 aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. An ta da mutane wajen 44,000 daga garuruwansu aka sake musu mazauni. Tsohon garin Bussa ya nutse, haka kuma mafi yawan babban gungun nan na Foge. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ba dukan itatuwa aka sare ba kafin ruwa ya rufe su. Har yau kututtukansu suna tsaye a ƙarƙashin ruwa. Matuƙin da ya san hanya yana kauce musu da rana. Da dare kuwa, ko shi ba ya ganinsu.

Kogin yana cika sau biyu a shekara. Na fari shi ne farin ruwa, na daminarmu, wanda ya kan zo da laka da ƙarfi wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, watau ruwan saman da aka yi a duwatsun ƙasar Gini, wanda ya kan yi watanni a hanya, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana cikin hunturu. Kowane lokaci da irin hatsarinsa. Da bazara da farkon damina hadari yana tasowa ba sallama, iska ta ta da igiyar ruwa kamar teku. Sa'ad da tafkin ya janye, kututtuka suna kusa da cikin jirgi. Da hunturu kuma hazo ya kan rufe gaɓa, matuƙi ya ɓata hanya.

KO YA DACE MACE TA TAFI ITA KAƊAI?

Waɗansu za su ce maganin abin duka shi ne mace ta zauna a gida. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana da marayu huɗu da rumbu wofi ba. Littafi Mai Tsarki ma bai hana mace tafiya ba. A cikin Romawa 16:1-2 mun ga Fibi, mai hidima a ekklisiyar Kankiriya ta ƙasar Girka, za ta tafi Roma, tafiya mai nisa ƙwarai. Manzo Bulus bai ce mata ta zauna ba. Abin da ya yi shi ne ya rubuta wa masu bi na can shaidarta, ya ce su karɓe ta, su taimake ta da duk abin da ta ke bukata. Ashe tun kafin ta isa, akwai masu jiranta.

Waɗansu kuma su kan ce, "Ai Allah ne mai tsaro, abin da ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne Ubangiji shi ne mai tsaronmu. Amma Nehemiya, sa'ad da maƙiya suka kewaye shi, ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana (Nehemiya 4:9). Yesu kansa ya ƙi ya faɗo daga kan Haikali don ya gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Addu'a da shiri tare su ke tafiya, kamar tuwo da miya.

KAFIN KI BAR GIDA

'Yar'uwa, rabin tsaronki a ɗakinki ki ke shirya shi.

Na ɗaya, ki san wurin wanda za ki sauka. Kada ki tashi da cewa "in na je zan nema." Baƙo ko da ido makaho ne. Ki roƙi fastonki ko shugabar Zumuntar Mata su haɗa ki da fasto ko mai bishara na yankin, su ba ki takardar shaida. In ba ekklisiya a gungun, a nemi sunan mai gari ko wata dattijuwa da aka sani. In aikin gwamnati ne ya kai ki, ki fara zuwa ofishin ƙaramar hukuma ki tambayi wanda zai gabatar da ke.

Na biyu, ki bar labarin tafiyarki a hannun mutum biyu da ki ka amince da su: hanyar da za ki bi, inda za ki kwana, ranar da za ki haye, ranar da za ki komo. Ku yi alkawarin lokacin da za ki buga waya. Ku kuma shirya abin da za su yi in lokacin ya wuce ba su ji ki ba, da wanda za su kira. Amma kada ki shelanta tafiyarki a bakin rijiya, ko ki sa ta a Facebook. A wannan zamani kunnuwa sun yi yawa.

Na uku, ki raba kuɗinki gida uku. Na mota da abinci a jaka, na sari a lalita ƙarƙashin zane, sa'an nan wani ɗan abu a ɓoye dabam, wanda zai iya mai da ke gida in komai ya ɓace. In za ki iya barin mafi yawa a banki ki cira wurin masu POS a Yelwa, ya fi. Sai dai ki cira kafin ki haye, gama a gungu sau da yawa waya ba ta kamawa.

Na huɗu, ki cika wayarki da caji, ki ƙulle ta cikin leda biyu. Ki rubuta lambobi uku ko huɗu a takarda, ki sa a wani wuri dabam, domin waya tana iya faɗawa ruwa. Ki riƙe lamba 112, ta neman agajin gaggawa. Ki ɗauki tocila, da gidan sauro, da sabulu, da maganin da ki ke sha kullum in akwai.

A KAN HANYAR MOTA

Daga Zuru ana iya bi ta Mahuta da Koko a gangara Yawuri, ana kuma iya bi ta Rijau da Kontagora. Wadda ta ke lafiya a wannan mako tana iya zama ba lafiya a mako mai zuwa. Duk mun tuna da ran 17 ga Yuni 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kwashe ɗalibai da malamai. Saboda haka ki tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da za ki tashi. Matambayi ba ya ɓata.

Ki shiga mota a tasha, inda aka san direba aka san motarsa. Motar bakin hanya ta fi araha, amma ba wanda ya san ta, ba wanda zai neme ta. Ki aika wa na gida lambar motar. Ki tashi da sassafe, bayan gari ya waye, domin ki isa da sauran rana. In rana ta yi miki nisa, ki kwana a Yelwa wurin 'yan'uwa, ki haye da safe. Kwana ɗaya bai taɓa talauta kowa ba.

In wani ya ja ki da hira a mota, ki amsa da ladabi, amma kada ki faɗa masa nawa ki ka ɗauko ko inda za ki kwana. In ya ce, "Ke kaɗai ce?" ki ce, "Ana jirana." Wannan gaskiya ce, tun da kin riga kin shirya masauki. Abinci ko abin sha da baƙo ya miƙo miki a buɗe, ki yi godiya ki bar shi.

A BAKIN KWATA

A nan ne babban hatsari ya ke, ya kuwa fi na ɓarayi cin rai. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya tsage ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski. Mutum fiye da 150 ne a ciki, ban da kaya masu nauyi. Wajen ashirin kawai aka tsamo da rai a ranar. A watan Yuni 2023 'yan biki fiye da 100 suka hallaka a yankin Patigi ta Jihar Kwara, suna komowa gida da dare. A daren 1 ga Oktoba 2024 wani jirgi ɗauke da mutum wajen 300, yawancinsu mata da yara, ya kife kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa. In ki ka duba waɗannan, za ki ga abubuwan da ke maimaituwa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, da rashin rigar ceto.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kada fasinja ya shiga jirgi ba rigar ceto. Doka ce mai kyau, amma jami'an hukuma ba za su iya tsayawa a kowace kwata ba. A wurare da yawa ke ce za ki zama jami'ar kanki. Ga abin da za ki duba.

Ki dubi gefen jirgi bayan an gama lodi. In tsakanin ruwa da bakin jirgi bai wuce taƙi ɗaya ba, ki sauka. In kin ga an jibga babura da buhuna da dabbobi, mutane kuma suna zaune a kansu, ki sauka. In tun ba a tashi ba yaron jirgi yana ta kwarfe ruwa ba hutawa, katako ya ruɓe ke nan. In hadari ya haɗu a gabas, ko rana ta kusa faɗuwa, ki haƙura sai gobe.

Za a yi miki dariya. 'Yan kamasho za su ce, "Hajiya, shiga mana, kullum haka mu ke tafiya." Wataƙila ki rasa kuɗin da ki ka biya. Ki tuna da Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus ya gargaɗi mutanen jirgi cewa lokacin tafiya ya wuce, amma jarumin soja ya fi jin maganar matuƙi da ta mai jirgi, gama su ne masu sana'a, su ne kuma masu rinjaye. Ƙarshenta jirgin ya farfashe. Mai jirgi yana lissafin kuɗi, ke kuwa kina da 'ya'ya a gida.

Game da rigar ceto, in ana bayarwa ki karɓa, ki sa, ki ɗaure igiyoyinta tam. Rigar da aka zauna a kanta ba ta ceton kowa, wadda ba a ɗaure ba kuma ta kan zame ta kai da zarar an faɗa ruwa. In sana'arki tana kai ki ruwa kowane mako, ki sayi taki, ki lasafta ta cikin jari. In babu ko ɗaya, ki riƙe jarka wofi mai lita ashirin, ki murɗe murfinta sosai. Tana iya riƙe babban mutum a kan ruwa.

Ki sa wando a ƙarƙashin zanenki, gama jiƙaƙƙen zane yana naɗe ƙafafu. Kada ki ɗaura jaka mai nauyi a jikinki. In kina da goyo, ki sauke shi ki rungume a gaba. Ki zauna inda za ki iya fita, ba ƙarƙashin rumfa ko tsakanin buhuna ba. In jirgi ya karkata, kada ki ruga ɗaya gefen tare da jama'a, wannan shi ke kifar da shi.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, ki saki kaya duka. Ki kama abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka, ko katako, ko bayan jirgin in bai nutse ba. Kada ki kama mutum, kada kuma ki ce za ki kai gaɓa in ba ki iya iyo ba. Ki ɗaga fuska sama, ki yi numfashi a hankali, ki jira masunta. Mutum 276 ɗin nan na jirgin Bulus, waɗansu da iyo suka fita, waɗansu a kan katakai da tarkacen jirgi, duka kuwa suka kai tsibirin Malta da rai.

ZAMA A GUNGU

Mutanen Malta sun hura wa baƙinsu wuta, sun karɓe su da alheri. Haka za ki sami yawancin mutanen gungu, masu son baƙo ne. Amma gungu ƙaramin wuri ne. Kafin ki ajiye kaya kowa ya san baƙuwa ta zo, da zarar jirgin ƙarshe ya tashi kuma ba hanyar fita sai gobe. Saboda haka ki tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun kina sauka.

Ki fara gai da mai gari da matan gidansa. Wadda ta gai da manya ta shiga ƙarƙashin inuwarsu. Ki nemi dattijuwa ɗaya ki riƙe ta kamar uwa, ki ce mata Inna ko Iya, ki riƙa gaya mata inda za ki. Ki kwana a sashen mata, a ɗakin da ke da sakata. Yawancin mutanen yankin Musulmi ne, akwai kuma masu bin al'adar kakanni. Ki yi shiga ta kamala, ki rufe kanki, ki girmama lokacin sallarsu, kada ki shiga wurin da aka ce ba a shiga. Ba sai kin ɓoye bangaskiyarki ba. Halinki shi ne wa'azin farko da za su ji.

Ki lura da lafiyarki. Ruwan tafki yana da kyaun gani, amma a cikinsa ne ake kamuwa da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi, ta huda fata sa'ad da mutum ke wanka ko wanki a bakin ruwa. Alamarta jini a fitsari, ga mata kuma tana iya taɓa mahaifa. Akwai maganinta a asibiti, sunansa praziquantel. In kin shiga ruwan, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya in kin komo. Ruwan sha kuwa ki tafasa shi. In gudawa ta kama ki, ki zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ki riƙa sha, ki nemi jirgin farko zuwa asibiti. Ki kwana cikin gidan sauro kowane dare. Mai ciki ta fara zuwa awo ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓi, in kuma watanninta sun yi nisa ta bar tafiyar, gama naƙuda ba ta jiran jirgi. Kada ki je bakin ruwa ke kaɗai da asuba ko da almuru. Akwai dorina a wannan kogi, ba ta kuwa wasa.

IN WANI YA TSARE KI

Dole mu faɗi wannan, ko da ya ke ba shi da daɗin ji. Akwai mazan da in sun ga mace ita kaɗai sai su ɗauka ta zama ta kowa. Wani zai ce zai kai ki da kwalekwalensa kyauta, wani zai ce zai nuna miki inda kifi ya fi araha, can bayan gari. Kada ki shiga jirgin da ke kaɗai ce mace a ciki. Ciniki kuma a yi shi a bainar jama'a.

In wani ya fara maganar banza ko ya kai hannu, kada kunya ta rufe miki baki. An koya mana tun muna yara cewa mace ba ta ɗaga murya, mugaye kuwa da wannan su ke fakewa. Ki ɗaga murya ki ce, "Malam, ka kiyaye ni!" Ki matsa kusa da mata, ki kira wata ki ce, "Inna, dubi abin da mutumin nan ke yi." Mugu ba abin da ya ke tsoro kamar idon jama'a.

In kuwa an fi ƙarfinki an yi miki fyaɗe, ki ji wannan da kyau: laifin na wanda ya aikata ne, ba naki ba. Ki je asibiti da gaggawa, kafin awa 72 su cika, gama akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau in an fara shi cikin wannan lokaci. Ki gaya wa wadda ki ka amince da ita, a kai ƙara wurin hukuma. Mu kuma ekklisiya, kada mu ƙara wa mai rauni ciwo da tsegumi. Bo'aza ya umarci barorinsa kada su taɓa Rut, baƙuwa kuma gwauruwa, ya ce ta zauna kusa da 'yan matansa (Rut sura 2). Irin wannan namiji mu ke so 'ya'yanmu maza su zama.

TSIBIRAN NESA

Yanzu 'ya'yanmu suna ganin hotunan tsibiran teku a waya, farin rairayi da itatuwan kwakwa, kamar Zanzibar ta Tanzaniya, ko Kef Bad, ko Morishas. Waɗansu suna zuwa taro ko karatu, kaɗan suna zuwa hutawa. Duk abin da muka faɗa a kan gungu ya shafe su. Teku ma tana cin jirgin da aka cika: a Satumba 2011 jirgin Spice Islander ya nutse da dare tsakanin Unguja da Pemba, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu. Mai zuwa can ta tanadi fasfo da katin allurar rigakafin shawara, ta bar hotonsu a gida. Ta biya masauki sananne tun kafin ta tashi, masaukin ne kuma zai aiko mata mota. Ta san inda ofishin jakadancin Nijeriya ya ke. Ta guji yawo a bakin teku da dare. Mutanen Zanzibar yawancinsu Musulmi ne, shigar kamala a cikin gari ita ce mutunci.

Amma babban tarko shi ne alkawarin aiki. Wannan tsohon labari ne. 'Yan Nijeriya da yawa sun tafi ƙwadago gonakin koko a tsibirin Fanando Po, wanda ake kira Bioko yanzu, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Wahalar da suka sha a zamanin mulkin Macias Nguema ta kai har gwamnatin Nijeriya ta aika jirage a 1975 da 1976 aka kwaso dubbansu. A shekarar 2020 kuma shugabar hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'yansu karatu Arewacin tsibirin Kubrus, saboda ɗalibanmu da suka mutu a can. Wannan yanki ƙasar Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, Nijeriya ba ta da jakada a cikinsa. Wanda ya shiga wahala a tsibiri ba ya iya gudu da ƙafa.

Saboda haka in wani, ko da ɗan'uwa ne a ekklisiya, ya ce ya samo wa 'yarki aikin otal ko aikatau a ƙetare, shi zai biya kuɗin jirgi ta biya daga baya, ku yi hattara. In ya ce kada a gaya wa kowa, ko ya ce shi zai riƙe fasfo, ko ana gaggawa ba a nuna takardar aiki ba, alamun fataucin mutane ke nan. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, aikinta ke nan. A tambaye ta kafin a sa hannu, ana kuma samunta a lamba 627. Araha ba ta ado.

RABON GIDA DA EKKLISIYA

Kada mu ɗora wa mace kayan nan duka ita kaɗai. Maigida, in matarka ta ce ta kwana a Yelwa don ta ƙi shiga jirgin yamma, ka yaba mata, kada ka tuhume ta. In ta ji tsoron faɗanka fiye da tsoron ruwa, wata rana za ta shiga jirgin da bai kamata ba. Iyaye, in an tura 'yarku aiki a hayin ruwa, ku raka ta zuwan farko, ku ga ɗakinta, ku gai da mai gari, a san tana da mutane.

Zumuntar Mata tana iya yin abu uku ba tare da kuɗi mai yawa ba. Ta sayi rigunan ceto biyu ko uku daga asusunta, ta ajiye a gidan ma'aji, duk mai tafiya ta ara ta mayar. Ta haɗa masu sarin kifi da albasa su riƙa tafiya rana ɗaya. Ta kuma rubuta sunayen matan ekklisiyoyin Yawuri da Wara da Sabuwar Bussa waɗanda za su iya saukar da baƙuwa, mu ma a Zuru mu buɗe musu ƙofa in sun zo.

Mu malaman makaranta kuma da namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ke ci kowace shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli don tunawa da wannan. Darasi ɗaya a wannan mako, a nuna wa yara mata da maza yadda ake ɗaura rigar ceto da yadda ake gane jirgin da ya yi nauyi, yana iya tsare rai bayan shekara goma.

'Yar'uwa, ba mu rubuta wannan don mu tsorata ki ba. Dubban mata suna haye wannan kogi kowane mako su komo lafiya, da kifi da albasa da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Ki yi shirinki, ki tara iyalinki ku karanta Zabura 121 a daren da za ki tashi, ku yi addu'a. In kin isa kwata kin ga abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki ɗauki jakarki ki koma gefe. Ubangiji ya kai ki lafiya, ya komo da ke lafiya. Amin.